Kwas Ɗin da Ban Samu Zuwa Ba

Mu biyu ne 'yan dindindin a ɗakin taimakon gaggawa na asibitin da na yi yawancin aikina, a ƙasar Gwarzo. Sauran duk aro ake yi mana daga ɗakunan kwanciya idan aiki ya yi yawa. Ni ce babba. Abokin aikina mutumin Kara ne, ya zo bayana da 'yan shekaru. Yaya yake ce mini, ni kuma ina ce masa Malam, don ya taɓa koyarwa a Islamiyya kafin ya shiga makarantar jinya. Ɗakin ba wani babba ba ne, gadaje huɗu ne da tebur da kabad ɗin magani. Mutanen gari imajensi suke ce masa. Likita ɗaya gare mu, shi ne a tiyata, shi ne a ɗakin haihuwa, shi ne a ofis. Saboda haka duk wanda aka sauke daga mota ko babur a bakin ƙofa, hannunmu yake fara faɗawa.

A Kabo nake aure. Maigidana malamin firamare ne, kuma tun farko bai hana ni aiki ba. Kullum da safe sai in fito bakin titi in jira motar haya, in matsu tsakanin buhunan masara da masu zuwa kasuwa, farin kayana a cikin leda don kada su ɓaci.

Ni da Malam karatun jinya na kowa da kowa muka yi. Mun iya allura, mun iya ƙarin ruwa da wankin ciwo, mun iya kula da wanda ya kwanta a gado har ya tashi. Abin da ba a zaunar da mu an koya mana ba shi ne abin da ake yi a ɗan lokacin nan na farko, lokacin da mutum yake tsakanin rai da mutuwa kuma babu likita a kusa. Wannan a bakin aiki muka tsinta, muna kallon na gabanmu, su ma kallon na gabansu suka yi.

Wata damina aka kawo mana wani manomi daga Kara, maƙwabcin mahaifin Malam. Feshin wake ya je yi, tankin da ya goya yana yoyo, maganin ya jiƙa masa riga tun safe har rana ta take. Ya iso yana kumfa ta baki, gumi kamar an watsa masa ruwa, ƙirjinsa yana gurnani. Mun san allurar da ake yi wa irinsa. Muka yi masa ɗaya, muka ƙara ɗaya, kamar yadda muka ga ana yi, muka tsaya, don an daɗe ana tsoratar da mu cewa allurar tana da ƙarfi. Likita yana tiyata da wata mai naƙuda. Muka sa shi a mota zuwa Kano. Ko kwanar Kabo ba su kai ba suka juyo. Malam ya nemi izini ya bi gawar gida. Da ya dawo washegari bai yi maganar ba, ni ma ban yi ba.

Bayan kaka shugaban asibiti ya kira mu ofis. Ya ce an ba mu gurbi ɗaya a kwas ɗin jinyar gaggawa da ake yi a Kano, shekara ɗaya da rabi, wanda in mutum ya gama ake ba shi takardar shaidar ƙwarewa a fannin. Ya dube ni ya ce, "Sista, ke ce babba, gurbinki ne."

A lokacin ina da cikin autata, ya tsufa har ba na iya sunkuyawa in ɗaura takalmi. Na shiga lissafin haihuwa da jego da shayarwa a ɗakin kwanan ɗalibai. Da muka fito na ce wa Malam, "Ka tafi kawai. In ka dawo sai ka riƙe ɗakin ni ma in je."

Ya ce, "Yaya, ba na son in shiga haƙƙinki."

Na ce, "Ba shiga ka yi ba, ni na ba ka. Kwas ɗin nan ba guduwa zai yi ba."

Haka na faɗa, kuma har zuciyata haka na ɗauka.

Shekara da rabin nan ban san yadda zan kwatanta ta ba. Na haihu, na yi hutuna, na dawo na tarar da ɗakin a hannun 'yan aro, kowa ya ajiye abu inda ya ga dama. Innata ta baro Gude ta tare a gidana don ta riƙe mini jaririya. Nakan fita nonona a cike, in dawo rigata ta jiƙe ta bushe. Ranar kasuwa ba na zama. Akwai ranar da motar tumatir ta kife da fasinjoji a saman kaya, aka shimfiɗe su har baranda, ina bi ɗaya bayan ɗaya ban san da wa ya kamata in fara ba. Wanda ya fi ihu na fara nufa. Inna takan dube ni da yamma ta ce, "Wannan aiki naki, ko jaki aka ɗora wa zai kwanta." In ce mata saura kaɗan, abokin aikina ya kusa dawowa.

Ya dawo ya rame, ya kuma canza. Ba girman kai ya yi ba, shakka ce ta daina kama shi a kan marar lafiya. Abin da ya fara yi shi ne ya sayo fenti ya ja layi a bango, ja da ruwan ɗorawa da kore, don ware marasa lafiya gwargwadon tsananin ciwo, ya jawo gado ɗaya kusa da ƙofa ya ce wannan ba a kwantar da kowa a kansa sai wanda ransa ke hannun Allah. Ya fitar da duk abin da ake nema cikin gaggawa daga kabad ya jera a kan wani teburi mai taya. Ya ce daga yau ba wanda ya riga zuwa za a fara gani ba, wanda ya fi kusa da mutuwa ne.

Mutane ba su so ba da farko. Na tuna wani Alhaji mai shago da ya zo da yanka a hannu, jini ya ɓata masa babbar riga, yana ta faɗa. Malam ya naɗe masa hannun ya ce ya danne, ya wuce wurin wata Bafulatana da ke zaune a ƙasa ta jingina da bango, ba ta ce uffan ba. Alhajin ya ce, "Malam, ni fa na riga ta zuwa!" Malam ya ce, "Na sani, Alhaji, ka yi haƙuri. Kai kana da ƙarfin yin magana, ita ba ta da shi." Ya sa na taɓa tafin hannunta, sanyi ƙalau. Jini ne yake zuba a cikin cikinta. Da an bi layi da ba ta kai azahar ba.

Da damina ta zagayo aka sake kawo mana mai maganin feshi, wannan karon mutumin Gude, har Inna ta san gidansu. Ina ganin kumfar na tuna manomin Kara. Malam ya sa aka tuɓe masa kaya aka wanke shi da sabulu a nan bakin famfo, ya ɗaura masa ƙarin ruwa, ya yi masa allurar nan. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ya ce, "Yaya, ƙaro." Na ƙaro. Ya saurara ya ce in ninka. Na yi ta fasa kwalaben.

Na ce, "Malam, ba mu yi yawa ba?"

Ya ce, "Ba kwalba ake ƙirgawa ba, ƙirjin ake saurare. Sai ya bushe za mu tsaya."

Na ɗakin suka ƙare, ya aika ɗakin magani, mai ba da magani ya ce shi ba zai fitar da wannan adadin ga nas ba. Likita ya leƙo daga ƙofar tiyata da safar hannu, ya ce, "A ba shi duk abin da ya nema, abin da ya je ya karanta ke nan." Kafin la'asar gurnanin ya tsaya. Bayan mako biyu mutumin ya dawo da ƙafarsa, da ƙwan zabi a ƙwarya, yana tambayar ina malamin da ya wanke shi.

Ranar da mutumin ya farfaɗo, bayan mun tashi, na tarar da Malam a bayan ɗaki yana alwala ya daɗe bai miƙe ba. Ya ce, "Yaya, maƙwabcin Baba, da allurar nan a kabad ɗinmu ya mutu. Tana nan a gabanmu." Na ce masa kwanansa ne ya ƙare. Ya ce haka ne. Muka rabu a nan.

Sannu a hankali na gane cewa abu biyu ya dawo da su, ilimin da kuma takardar, kuma kowanne da aikinsa. Ilimin shi ke ceton wanda ke kan gado. Takardar kuwa ita ke sa a saurare ka. Saboda ita likita ya yarda mu fara wasu magunguna ba sai mun jira shi ba. Da masu duba asibitoci suka zo daga Kano, tambayar farko da suka yi ita ce ko akwai mai takardar wannan fanni a ɗakin. Da aka nuna musu shi, ba a daɗe ba aka kawo mana injin iska da na zuƙe majina, aka fara turo mana ɗaliban jinya su koyi aiki. Mutanen Garo da na Kabo da a da suke wucewa Kano kai tsaye suka fara juyowa wajenmu. Ni ma ya koya mini abubuwa da yawa, a tsaye, a kan marar lafiya, duk abin da Allah ya kawo ranar. Abin da bai zo ba ba mu taɓa shi ba. A duk aikina ban ji daɗin lokaci kamar wannan ba.

Na je na tuna wa shugaban asibiti maganar zuwana. Ya ce in bari Malam ya gama daidaita ɗakin. Da na koma ya ce bana ba a ba mu gurbi ba. Na ci gaba da jira, autata ta yi wayo har ta shiga makaranta.

Wata Asabar da la'asar sai ga Malam a gidana a Kabo, shi da matarsa. Ta shige wurin Inna, shi ya zauna a zaure da maigidana, aka kira ni. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi jikin Inna, ya sake tambayar yara. Sannan ya ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani babban asibiti a cikin birni. Za su buɗe sashen masu haɗari, kuma ba za a amince musu ba sai sun tara masu takarda, shi ne aka bi asibitocin karkara ana tsamo su.

Na ce, "To ni fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya je ya yi magana, ya gaya musu alkawarin da ke tsakaninmu, an ce masa ba a canza umarni saboda alkawari. Sannan ya ce, "Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, ni ma raina yana so. Ga makarantar yara, ga aikin da na karanta zan yi shi sosai. Shi ya sa na kasa gaya miki a asibiti."

Maigidana ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni ma na ce amin. Na shiga ciki na zuba musu abinci. Ban ji haushinsa ba a ranar, yanzu ma ba na ji. Da ni ce, ban san abin da zan yi ba.

Bayan tafiyarsa abubuwa ba su rushe rana ɗaya ba. Ɗaliban aka fara daina turowa, don babu mai takardar da zai sa musu hannu. Injin zuƙe majina ya lalace, aka kai shi gyara bai dawo ba. Aka canza mana likita, aka kawo wani matashi mai kirki da ladabi. Da na gaya masa yadda muke fara magani kafin ya iso, ya ce, "Hajiya, na ga aikinki, ban raina shi ba. Amma in wani abu ya faru, takarda za a tambaya, kuma ni za a kama. Ki riƙa kirana." Ban ga laifinsa ba. Na sake neman kwas ɗin, amsar ba ta canza ba daga nan har yau: in kin tafi, wa zai riƙe ɗakin?

A farkon wata damina, da hantsi, aka kawo wani dattijo daga Garo. San huɗarsa ne ya tunkuye shi a ƙirji yana ƙoƙarin ɗaura masa karkiya. Babban ɗansa ne ya kawo shi, magidanci mai furfura a gemu. Raunin waje ba wani babba ba ne, amma haƙarƙari sun karye, dattijon yana jan numfashi da ƙyar. Na sa masa iska, na sa masa ruwa, na tayar da kan gadon. Duk abin da na sani na yi. Amma ina kallo jijiyoyin wuyansa suna kumbura, gefe ɗaya na ƙirjin ba ya motsi, leɓensa yana yin baƙi. Na san akwai abin da ke faruwa a ciki. Malam ya taɓa gaya mini cewa iska kan taru a ƙirji ta danne huhu da zuciya, kuma akwai inda ake soka allura a sake ta. Ya ce zai nuna mini in an kawo mai irin ciwon. Har ya tafi ba a kawo ba. Ban san wurin ba, ban taɓa gani an yi ba, kuma ƙirji ba wurin lalube ba ne.

Likita yana tiyata, ya buɗe cikin wata mata da jini ya ɓalle mata, ba shi da halin fitowa. Na kira wayar Malam tana ta ringi ba a ɗauka ba. Likita ya aiko a ce in tafi da shi Kano da kaina.

Na zauna a bayan motar asibiti ina riƙe da robar iskar a fuskarsa. Ɗan yana riƙe da ƙafafunsa yana cewa, "Sannu Baba, mun kusa." Muka wuce kwanar Kabo, na hango hanyar gidana. Gonaki duk an fita, ko'ina shanu da garma. Dattijon ya kama hannuna ya matse, daga baya matsin ya riƙa raguwa. Da muka shiga cunkoson gari direba yana ta jiniya, masu adaidaita ba su da inda za su kauce.

A bakin ƙofar sashen ma'aikata suka taso da gado. Ban taɓa ganin masu jinya da yawa haka a kan mutum ɗaya ba, kuma ba mai tambayar wani abin da zai yi. Malam yana cikinsu. Ya dubi wuyan dattijon, ya ɗora abin sauraro, ya miƙa hannu aka sa masa wata doguwar allura. Ya laluba da yatsa ya soka. Na ji iska ta fito da ƙara kamar an sassauta bakin taya. Abin bai ɗauki lokacin da ake ɗaura kallabi ba. Amma zuciyar ta riga ta gaji. Suka yi ta danna ƙirji, ta dawo, ta sake tsayawa. Bayan azahar suka rufe shi.

Na same shi a bakin famfo yana wanke hannu. Muka gaisa kamar a gida, ya tambayi Inna, na ce masa ta rasu bara. Ya yi salati, ya ce bai ji ba. Ya ce wayarsa tana cikin loka, ba a shiga da ita.

Na ce, "Malam, abin nan da ka yi, da an yi shi a can, da ya tashi?"

Ya daɗe yana murza sabulu. Ya ce, "Rai na Allah ne, Yaya."

Na ce, "Na sani. Tambayarka nake."

Ya ce, "Da wataƙila ya tashi." Sannan ya ce, "Ba mu kai nan ba ne ni da ke. Kuma ba abin da za a koya a waya ba ne. Mu sai da muka yi ta yi a kan gunkin roba, malami yana tsaye, kafin a bar mu mu taɓa mutum."

Ya zaga da ni sashen, ya nuna mini abokan aikinsa, ya ce musu ni ce na ba shi gurbina ya je kwas. Suka gaishe ni da girmamawa. Kusan dukkansu daga asibitocin karkara aka kwaso su, kowa ya faɗa mini garin da ya baro. Aka kira shi, an kawo wasu, ya ce in gaida gida, ya ruga.

Muka juyo da gawar a motar da muka je da ita. Ɗan bai yi kuka ba, carbi yake ja, jefi-jefi ya gyara mayafin da aka rufe uban. Ya roƙi direba ya kai su har gida, ni ma na ce a kai su. Muka bar kwalta muka bi hanyar Garo, motar tana tangaɗi a cikin caɓi. Kafin mu isa labari ya riga mu, maza sun taru a ƙofar gida.

Na shiga ciki yi wa mata gaisuwa. Matar marigayin, tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta kama hannuna biyu ta ce an gaya mata ban bar shi ba har Kano, Allah ya yi mini albarka, ya ba ni masu yi mini. Ta sa aka kawo mini ruwa a kwanon sha. Na karɓa na sha, na ce Allah ya jiƙansa. San da ya tunkuyi dattijon yana ɗaure a turke a bayan rumbu, an zuba masa harawa yana ci.

Direba ya sauke ni a bakin titi a Kabo ana kiran magariba. Na jiƙa farin kayana a bokiti, na dafa wa yara tuwo. Maigidana ya tambaye ni ya aiki, na ce da godiya. Washegari ranar kasuwa ce, na fita da wuri don in samu mota.